Fitilar Gefen Dama

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
9 ga Oktoba

Baba Gamaliel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kuna lafiya, ku da dukan mutanen gida a Kafanchan. Na san kunnenku ba ya jin waya yanzu, shi ya sa na rubuta da hannu. Zan ɗauki hoton takardar in tura wa 'yarku Elizabeth, in ta zo gida daga wurin aiki ta nuna muku.

Ɗanku Josiah yana nan da sauƙi, mun gode Allah. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye a watan Mayu bakinsa bai buɗe ba, sai "to, to" da yake ta maimaitawa. In an riƙe shi yana ɗan takawa da sanda. Jami'a ta ba shi hutun jinya. Ni kuma ina nan ina koyarwa a makarantar yara har la'asar. Kafin in fita nakan zaunar da shi a kujera bakin taga, in bar ƙofa ba kulle, maƙwabciyarmu Amarya ta riƙa leƙo shi tana ba shi abinci.

Abin da ya sa na rubuto muku daban ne, kuma kunya nake ji. Kun tuna tsohuwar Fijon nan da ya saya bara, wadda ya turo muku hotonta kuka ce irin ta mahaifinsa ce sak? Tana nan a fili ƙarƙashin tagarmu, ba wanda ya taɓa ta tun da ya kwanta. Makullinta yana cikin jakata.

Yanzu damina ce a nan. Da la'asar gari yakan rufe ya yi duhu kamar magariba, sannan ruwa ya kece. Ranar Alhamis na dawo ina jiƙe, na tarar da Josiah ya jingina goshi da gilas yana "to, to, to" da ƙarfi. Na leƙa. A gefen motar na dama, bisa tayar gaba, akwai wata 'yar fitila kamar ƙwan kurciya, ban ma taɓa lura da ita ba. Tana ci. Ita kaɗai. Manyan fitilu a mace, ɗayan gefen a mace. Na sauka cikin ruwan na zagaya motar, ƙofofi duka a kulle, ba kowa a ciki. Washegari da safe na tarar ta mutu. Ranar Litinin ta sake kamawa.

Baba, ku ne kuka yi shekaru kuna gyaran wutar irin waɗannan motoci. Mota tana iya kunna fitilarta ba makulli? Ku gaya mini abin waya ne, in samu in kwantar da hankalina.

'Yarku,
Mabel

Kafanchan
20 ga Oktoba

'Yata Mabel,

Alheri da salama su tabbata a gare ku. Sai jiya Elizabeth ta zo, na karanta takardarki da tabarau biyu. Muna lafiya, sai gwiwa da ke damuna. Na je ƙauye na ga Kezia, uwar mijinki, ta ce a gaya wa ɗanta tana yi masa addu'a safe da yamma. Ubana da kakan Josiah ciki ɗaya suka fito, saboda haka kada ki ƙara cewa kina jin kunyar tambayata.

Wannan fitila na san ta kamar tafin hannuna. Fitilar tsayuwa ce. Ki duba ta da kyau, gilashinta rabi biyu ne, fari yana kallon gaba, ja yana kallon baya. An yi ta ne domin in direba ya tsaya a matsattsiyar hanya cikin duhu, ya kunna ta gefen da motoci ke wucewa kawai, masu zuwa ta gaba su ga fari, masu zuwa ta baya su ga ja, kada a kwashe shi. Ƙwanta ƙarami ne, ba ya shan batir sosai. Ba ruwanta da makulli, domin wayarta daga batir take tasowa kai tsaye, ta bi ta fiyus, ta shiga wani ɗan makunni kusa da sitiyari. Ki tura shi dama, ta dama ta kama. Ki tura shi hagu, ta hagu ta kama. A tsakiya kuwa duka a mace. A ƙasarku tun da ta hagu kuke tuƙi, gefen da motoci ke wucewa shi ne dama, gefen direba.

To, eh, tana iya ci ba makulli. Tsohuwar waya in robarta ta tsage, ruwa ya shiga, wuta takan yi hanyar kanta. Amma irin wannan cin dishi-dishi yake yi, yana kyaftawa. Ki lura ki gaya mini ko da ƙarfi take ci.

Ga abin da za ki yi. Ki nemi namiji ya buɗe bonet, ya sa sifana ya kwance kan batir, baƙar wayar, ya ajiye ta gefe kada ta taɓa komai. In an yi haka ko ƙwan da ya kai ƙwayar gero ba zai kama ba.

Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai. Motar da aka ajiye tun Mayu, batirinta ya kamata ya mutu tuni. Kin tabbata ba mai tayar da ita?

Ki riƙe Josiah da kyau. Ubangiji ya ƙarfafa ki.

Babanku,
Gamaliel

Wangsa Maju
27 ga Oktoba

Baba,

Mun gode da gaisuwa. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Na karanta wa Josiah saƙon Mama Kezia, ya yi hawaye ta ido ɗaya.

Na yi yadda kuka ce. Mansur, mijin Amarya, ya kwance baƙar wayar a gabana, har ya naɗe bakinta da tsumma. Yana dariya ya ce, "Madam, relax lah, kwantar da hankalinki, yanzu ko aljani ne sai ya zo da sifanarsa." Na yi dariya ni ma. Kwanakin da suka biyo baya fitila ba ta kama ba, sai dai Josiah ya ƙi abinci. Yana zaune yana kallon motar, in ruwa ya fara sai ya miƙa wuya.

Ranar Juma'a na tsaya wurin mamak, masu sayar da shayi da abinci a bakin layinmu, na ƙunso mana shinkafa. Ina shigowa ƙofar gidan na hango ta. Ba dishi-dishi ba, Baba. Da ƙarfi take ci, ja da fari, kamar yadda kuka kwatanta. Na ajiye ledar a ƙasa, na ɗaga bonet da kaina. An mayar da wayar, an ɗaure ta tam. Tsumman kuma an ninke shi an ajiye a kan batir.

Na buɗe ƙofar direba. Cikin motar da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi. Akwai ƙamshin turaren tsinke da man kwakwa. Kun san tsawon Josiah, kullum kujerarsa a can baya take. Na same ta an jawo ta gaba har gwiwata ta bugi sitiyari. Ɗan makunnin yana dama. Na mayar da shi tsakiya, fitilar ta mutu. Da na ɗaga kai sai na ga Josiah a taga, ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ba ni yake kallo ba. Bayana yake kallo, wajen ƙofar fita. Na juya, ba kowa sai ruwa.

Na tambayi maigadi, ya ce shi sabo ne, bai ga komai ba. Amarya ta ce ita da azahar take shiga, kuma kullum yana nan a kujerarsa. Amma ta ce jiya ta tarar da kofi biyu a tebur, ta zaci ni na bari.

Ban bar kofi biyu ba.

Fasto ya zo ya yi addu'a a kan motar. Na tambayi Josiah, "Akwai mai zuwa?" Ya ce, "To." Na ce, "Ba mai zuwa?" Ya ce, "To." Ina so in fara kulle ƙofa, amma in wuta ta tashi ko ya faɗi, wa zai shiga? Ku ba ni shawara da wuri.

Mabel

Wangsa Maju
6 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ku ba, ko Elizabeth ba ta zo ba ne? Ku yi haƙuri da rubutun.

Mun rasa Josiah. Jiya ne, ina makaranta. Na dawo na tarar da kujerarsa a bakin taga, sandarsa a jingine. Mutanen coci suna tare da ni tun jiya, su Mansur ma ba su zauna ba. Ban san yadda za a gaya wa Mama ba. Ku yi mana addu'a, ku

Kafanchan
10 ga Nuwamba

'Yata Mabel,

Ubangiji da ya bayar shi ya karɓa. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Sannu, 'yata. Sannu da wannan babban rashi.

Takardunki biyu tare suka zo mini, domin Elizabeth ta yi mako biyu ba ta samu zuwa ba. Na karanta ta farko ina shirin rubuta miki cewa wannan hannun mutum ne, ki kulle ƙofa, sai ta nuna mini ta biyu. Ta yanke a tsakiya, na san kuka ne ya hana ki ƙarasawa. Elizabeth ta yi ta kiran wayarki, ba ta shiga. Ba mu da lambar kowa a can sai taki da tasa.

Kin ce ba ki san yadda za a gaya wa Kezia ba. Na ɗauke miki wannan. Na ɗauki dattawan coci biyu muka je ƙauye da sassafe. Muna shiga ta gan mu a jere, ta ajiye tsintsiya ta zauna a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Wa ya rufe masa ido?" Na ce ke ce. Ban sani ba, amma haka na ce mata.

An kafa rumfa a ƙofar gida. Zumuntar mata sun zo da kayansu suna waƙa, dangi daga Jos da Kaduna suna ta isowa. Abokan karatunsa sun zo. An share wuri kusa da kabarin mahaifinsa, amma na hana a haƙa sai mun ji daga gare ki: za a kawo shi gida ne, ko a can za a ajiye shi? Kezia ta ce ko ƙashinsa ne a kawo mata.

Yaron nan a bakin garejina ya koyi riƙe filaya. Na gaya masa ya bar tsohuwar mota, bai ji ba, ya ce in ya zauna a cikinta ƙamshin babansa yake ji. Ki bar motar nan, kada ki ƙara kusantarta.

Ki ci abinci ko ba kya so. Ki kunna wayarki.

Babanku cikin baƙin ciki,
Gamaliel

Wangsa Maju
13 ga Nuwamba

Baba!

Josiah yana da rai! Yana nan kusa da ni yanzu haka, yana numfashi, yana kallona ina rubutu. Wayyo Allah, Baba, me na yi? Ɓata ya yi, nemansa muka yi muka rasa. Shafi biyu na rubuta, na biyun ne ke cewa motar ma babu, kuma mun kai ƙara wurin 'yan sanda. Ashe hoton shafi na biyun bai tafi ba. A ranar wayata ta faɗa lambatu muna yawon nema cikin ruwa. Sai yau na sa layina a wata waya na ga takardarku. Don girman Allah ku tashi yanzu ku je wurin Mama. A sauke rumfar nan.

Bari in gaya muku yadda aka yi, ku samu abin da za ku faɗa wa mutane.

Da na dawo ranar Laraba na ga ba shi, na leƙa taga, inda motar take sai busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙen fili. Makulli kuwa yana jakata. Maigadi ya ce ya ga wani tsoho Ba'indiye, gajere, da farar riga, ya fito da mijina daga lif a hankali, ya sa kafaɗarsa a hammatarsa kamar ɗa da uba. Ya zaci likita zai kai shi, har ya ɗaga musu ƙarfen ƙofa.

Mun zagaya asibitoci, mun zagaya Setapak, Mansur ya bi babban titi har wajen gari. Sai washegari da la'asar, bayan na aiko muku waccan takarda, 'yan sanda suka kira Fasto. Wani direban babbar mota ne ya same shi cikin motar a wata siririyar hanya da ke hawa tudu wajen Hulu Kelang, daji ta ko'ina. Ruwa ake yi, ba ya ganin gabansa. Ya ce yana shan kwana sai ya ga wani ɗan ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ya murɗe sitiyari, da ƙyar ya kauce. Ya sauko zai yi zagi, sai ya ga mutum a ciki.

An ajiye motar daidai a ƙarƙashin itace, an ja birkin hannu, an sa dutse a bayan taya. Mai ne ya ƙare. An sauke gilas kaɗan ta kowane gefe, an kulle ƙofofi. Josiah yana kujerar gefe, an shimfiɗa masa hankici a cinya, da gorar ruwa da burodi a hannunsa mai lafiya. Kujerar direba ba kowa. Fitilar dama tana ci.

An kwantar da shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. A can wata mata mai suna Vasanthi ta zo ta same ni, 'yan sanda ne suka haɗa mu ta takardun motar. Mahaifinta ne ya sayar wa Josiah ita. Sunansa Maniam, daga unguwar Brickfields, tsohon direban tasi. Ta ce su 'ya'yansa ne suka tilasta masa rabuwa da motar, domin ƙwaƙwalwarsa ta fara juyewa, yakan fita ya manta hanyar gida. Ba su san ya ɓoye makulli na biyu ba, a zare a wuyansa. Ta ce watannin nan kullum bayan abincin rana sai ya sa farar riga ya ce zai je aiki. Sun ɗauka wurin abokansa yake zuwa shan shayi. Ashe jirgin ƙasa yake hawa daga KL Sentral, layi ɗaya har tasharmu. Ya zo ya tayar da motarsa, ya goge ta, ya kunna wa mijina fitila ya gani daga taga, wani lokaci ya hau sama su zauna. Ta ce Josiah ya taɓa kawo shi gidanmu sau ɗaya bara, ina makaranta. Hanyar gidansa yake mantawa, amma bai manta tamu ba.

Na ce mata, "Yana ina? Ina so in gan shi." Gaskiya, Baba, faɗa na so in yi masa. Ta kama hannuna ta ce, "Ke kin samu naki." Ba a gan shi ba. Galan ɗin mai da ke but ɗin motar babu shi, ana jin mai ya tafi nema. An bi hanyar sama da ƙasa, an shiga dajin da karnuka, an duba rafin da ruwa ya cika. Ko takalminsa ba a samu ba. Ta tsuguna gaban gadon Josiah tana tambayarsa wane gefe babanta ya bi. Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. "To," kawai ya fito. Mu duka uku muka yi kuka.

An sallame mu shekaranjiya. Motar tana wurin 'yan sanda, ba na son ta dawo. Na ɗauki hutu, na sa sabon kwaɗo, mu biyu ne kawai a gidan, ba mai shiga sai na buɗe. Josiah ya daina zama bakin taga. Ƙofa yake fuskanta yanzu.

Ku sa Elizabeth ta kira ni in kun isa ƙauye. Ku roƙa mini gafara wurin Mama.

'Yarku,
Mabel

Kafanchan
16 ga Nuwamba

'Yata Mabel,

Godiya ta tabbata ga Allah mai rayarwa. Ba ki da laifi, ni ne na yi gaggawa. Ina fata ke da mijinki kun kwana lafiya.

Kin ji sashen abin ta waya, amma ba ki ga abin da na gani ba. Da Elizabeth ta kawo takardarki a guje, ban tsaya sa takalmin kirki ba. Mun isa ƙauye ana tsakiyar waƙa. Na tsaya a cikin rumfa na ɗaga hannu na ce Josiah bai mutu ba. Wasu suka yi guɗa, wasu suka tashi suka bar wurin da tsoro, wata tsohuwa ta tofa yawu ta ce ba a wasa da irin wannan. Mai dafa abincin makoki ta tsaya da ludayi a hannu ba ta san ko ta ci gaba ba.

Kezia kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Gamaliel, da bakinka ka ce an rufe masa ido." Na ce ƙarya na yi don in sanyaya mata. Ta ce, "To yanzu ma sanyaya mini kake yi." Ta ce ba za ta yarda ba sai ta ji shi da kunnenta. Na tuna mata ba ya magana. Ta ce ita ta haife shi, a ba ta wayar.

Shi ne Elizabeth ta kira ki, kika kara masa wayar a baki. Ni ban ji komai ba, kin san kunnena, fuskarta kawai nake kallo. Ta manna wayar da hannu biyu, ta rufe ido. An yi tsit a rumfar, har awaki ana jin taunarsu, in ji masu ji. Ta daɗe a haka. Can sai hawaye suka zubo, ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ne. Numfashinsa ne." Sai a lokacin ta yi ihun da ba ta yi ba ranar da muka kai mata labari. Aka juya waƙar makoki ta koma ta godiya, aka cinye abincin.

Da yamma bayan mutane sun watse, na zauna kusa da ita, Elizabeth tana maimaita mini maganarta a kunne. Ta ce in kin samu dama ki gode mata wa bawan Allahn nan da ke zaune da ɗanta. Na ce wane? Ta ce tsohon da ke kusa da shi lokacin da take sauraro. Ta ce muryarsa ƙasa-ƙasa, da wani yare da ba Turanci ba, yana maimaita magana ɗaya a hankali kamar mai lallashin yaro, kuma duk lokacin da ya yi shiru sai Josiah ya ce, "To."

Na ce mata talabijin ce, ko maƙwabta. Ta ce ta san muryar akwati, ta san ta mutum, wannan kusa yake har tana jin yana haɗiyar yawu. Elizabeth ba ta ji ba, wayar tana kunnen Kezia.

Na sake ɗaukar takardarki na karanta wurin da kika ce ku biyu ne kawai a gidan. Wannan karon a hankali na karanta, kada in sake yin kuskure. Kezia ta tsufa, kuma ta sha wuya a makon nan, mai yiwuwa kunnenta ne. Haka nake gaya wa kaina.

Amma Mabel, wa ke tare da ku a ɗakin lokacin da kika kara masa waya? Kada ki zauna rubuta mini amsa tukuna. Ki kira Mansur da matarsa su shigo, ku duba ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ki rubuto.

Babanku,
Gamaliel